Waya da MP, ko kwamfuta da majigi? Shawara ga mai shirin shiga aji a Kebbi

Duk ɗalibin NCE da ya kusa fita koyarwar gwaji, wadda muke kira TP, yakan tsaya a kan tambaya guda: ɗan kuɗin da na tara, wace na'ura zan saya da shi don aji? A kwas ɗin fasahar koyarwa an nuna mana majigi da kwamfuta da allon zamani, an kuma jaddada mana cewa malamin yau ba zai tsaya ga alli da allo kaɗai ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai makarantun da za a tura yawancinmu, a Augie ko Arewa ko Dandi ko Bagudo, ba su yi kama da ɗakin da aka koya mana a ciki ba. Ni ɗalibi ne a Argungu, ina shekarar ƙarshe, na kuma riga na yi nawa TP a wata firamare ta bayan gari. Abin da na gani can, da abin da na karanta, shi ne zan shimfiɗa wa ƙannena da ke tafe, domin kada wani ya ci bashi ya sayi abin da zai ƙare a ƙarƙashin gado.

Hanyoyin da ke gaban malami ɗaya mai ƙaramin ƙarfi uku ne: wayar hannu haɗe da ƙaramar sifikar nan da ake kira MP, ko kwamfutar cinya haɗe da majigi, ko kuma talabijin da ke aiki da sola. Akwai ta huɗu, wato a ba kowane yaro na'ura a hannunsa, amma wannan ba aljihun malami ke yanke ta ba. Zan taɓa ta duk da haka, don ita ce aka fi yi wa kirari a taruka.

Na fara da majigi, domin shi ne ya fi jan hankalinmu, kuma shi ne nake ganin ya fi yaudarar sabon malami. Amfaninsa a fili yake. Hoto ɗaya ya cika bango, yaro na gaba da na baya duk su ga zuciya tana harba jini, ko yadda ƙwayar wake ke tsaga ƙasa ta fito. Gani ya kori ji, musamman a darasin kimiyya. Amma majigi yana da buƙatu uku da ajinmu ba ya iya biya masa. Na farko wuta. Irin wanda ke da hasken da zai isa aji yana cin wat 200 zuwa 300, ban da abin da kwamfutar ke ci. Ba fawa bank ɗin da zai riƙe wannan. Sai wutar gari, ko janareta, ko babban batir da inbata. Makarantar da na koyar ko soket babu a ajin, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Na biyu duhu. Ajin da rana ke shigowa yana son majigi mai haske kusan lumen 3000 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske), alhali ƙananan nan masu araha da ake tallatawa a intanet, waɗanda wasu ke da batir a ciki, haskensu na gaskiya 'yan ɗaruruwa ne. A ɗakin kwana da dare sukan yi kyau. A aji da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tagogi a buɗe, wasu ma ba su da murfi, sai dai ka ga wani fari-fari a bango. In kuma ka ce za ka rufe tagogi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, da yara sittin ko saba'in a ciki, to ka sayi hoto da numfashin yaranka. Na uku tsafta. Majigi yana shaƙar iska da fanka don ya huce, kuma a hunturu ƙura ce yake shaƙa. Matatarsa ta toshe, ya yi zafi, ya kashe kansa a tsakiyar darasi.

Ga kuma lokaci, wanda ba a cika lissafa shi ba. Darasi ɗaya minti 35 ne ko 40. Kafin ka ja wayar wuta, ka tada janareta, ka daidaita hoto, ka kwantar da hayaniyar yaran da suka ga sabon abu, sulusin lokacin ya tafi, ƙarar janaretan kuma ta hana ajin da ke maƙwabtaka karatu. Mutumin da ya sayi majigi kafin ya ga makarantar da zai koyar, kamar wanda ya sayi sirdi ne bai san ko zai samu doki ba. Ban ce majigi ba shi da wuri ba. Sakandaren da ke da ɗakin kwamfuta mai sola da labule, a Birnin Kebbi ko Jega ko Zuru, nan ne gidansa, kuma makaranta ce ya kamata ta mallake shi, ba malami ba.

Ita kuwa kwamfutar cinya, kuskuren da muke yi shi ne ɗaure ta da majigi kamar ba a sayen ɗaya sai da ɗaya. In ka raba su, sai ka ga tana da nata ƙarfin da waya ba za ta taɓa kamowa ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. WAEC ta fara nata a 2024 da masu zana jarrabawa masu zaman kansu. Mu kanmu, jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN da za mu zana kafin a ba mu lasisin koyarwa, a kwamfuta ake yin ta. Ka ɗauki yarinyar da ta yi shekara goma sha biyu a makaranta, ta san amsoshin, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ta ɗora hannu kan linzamin kwamfuta. Hannunta na rawa, kibiyar na gudu, lokaci na tafiya. Wannan ba bidiyo ke maganinsa ba, ba kuma zanen kwamfuta a allo da alli ba, wanda har yanzu shi ne darasin kwamfuta a makarantu da yawa. Sai yatsa ya taɓa maɓalli. Kwamfuta ɗaya ga aji cike ba ta isa ba, amma in aka raba yara rukuni-rukuni, biyar-biyar, kowane rukuni ya samu rabonsa a mako, kafin zango ya ƙare kowa ya rubuta sunansa, ya danna amsa, ya san inda ake gogewa. Saboda haka duk wanda ya karanci kwamfuta zai kuma koyar da ita a ƙaramar sakandare, kwamfutar cinya a gare shi ba ado ba ce, kayan aiki ce, ko da ta hannu ce. Ya duba batir kafin komai, ya cire caja a gaban mai sayarwa ya ga ko za ta riƙe wuta awa biyu, ya kuma danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga waya, wadda kusan kowannenmu ke da ita. Raunin ta a aji babba ne, kuma na gan shi da idona. Na taɓa sauke bidiyon yadda ruwa ke tashi ya zama girgije ya dawo, na ɗaga wayar a gaban aji. Layin farko suka miƙe, na biyu suka hau benci, na baya suka taho gaba ɗaya. Da na ce a zauna zan zagaya layi-layi, waɗanda suka riga suka gani suka shiga surutu, waɗanda ba a kai gare su ba suka ƙosa. Malamin ajin, dattijo ne da ya kusa ritaya, yana zaune a baya. Bayan an tashi ya ce mini, "Malam, abin naka da kyau, amma na baya mi za su gani?" Fuskar waya ta mutum ɗaya ce, in an matsa ta mutum uku. Duk wanda ya ce maka zai koyar da aji cike ta hanyar nuna musu fuskar waya, bai taɓa tsayawa gaban aji cike ba.

To amma murya fa? Nan ne lissafin ya juya. Hoto sai ka fuskance shi, sai kuma ka kusance shi. Sauti kuwa yana kai wa kusurwa huɗu na aji lokaci guda, ba ruwansa da rana ko buɗaɗɗiyar taga. MP ɗin nan da ake sayarwa a kowace kasuwa, mai karɓar memori da Bluetooth, kuɗinta bai kama ƙafar na majigi ba. Caji ɗaya yana kai ta awoyi, ana yi mata caji da cajar waya a wajen mai caji, ta shiga jaka, ƙura ba ta dame ta sosai ba, in kuma ta lalace ba za ka yi shekara kana baƙin ciki ba. Ga sauƙin data: sautin magana mai kyau bai wuce rabin megabayit a minti ɗaya ba, wato darasin minti goma kusan megabayit biyar ne, yayin da bidiyo mai tsawon haka kan ninka wannan sau goma ko fiye. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambancin ba ƙarami ba ne ga mai ƙaramin albashi.

Koyarwa da sauti kuma ba sabon gwaji ba ne. Tun 1974 aka fara shirin koyar da lissafi ta rediyo a Nikaraguwa, inda muryar ke yin tambaya, ta dakata, yara su amsa da baki, malamin aji yana jagorantar su. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mu ma a 2020, da korona ta rufe makarantu, jihohi da yawa rediyo suka koma. Kunnen yaron Hausa ya saba da rediyo tun yana goye.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da malami zai haɗa da kansa. A darasin Turanci, yawancinmu mun san furucinmu yana da gyara. Ka sauke karatun wani gajeren labari daga bakin wanda ya iya, ka kunna jimla ɗaya, ka tsayar, yara su maimaita, ka rubuta ta a allo, ka sake kunnawa. Kai kanka kana gyaruwa tare da su. A darasin zamantakewa, maimakon ka karanta musu sakin layi biyu a kan bikin kamun kifi na Argungu, ka je ka zauna da wani tsohon masunci, ka nemi izininsa, ka ɗauki muryarsa yana bayanin yadda ake shiga kogin Matan Fada da homa da gora. A darasin noma, manomin shinkafa na fadama ya fi littafi sanin lokacin dashe. Irin wannan darasin babu shi a intanet ko da kana da data ta duniya. A garinku yake, wayarka ce kawai za ta kawo shi aji. Na kuma gwada ɗaukar muryar yara suna karatu ina sake kunna musu. Wani yaro da ba ya ɗaga kai, da ya ji muryarsa ta fito daga sifika, ya rufe baki yana dariya, sannan ya ce a bar shi ya sake, don ya ji inda ya yi tuntuɓe. Ban gaya masa ya yi kuskure ba, kunnensa ne ya gaya masa. A nan sai a kiyaye: a nemi izinin hedimasta, kuma muryar yaro ko hotonsa ba kayan Facebook ko TikTok ba ne. 'Ya'yan mutane amana ce.

Ga 'yan'uwana mata da za su shiga manyan azuzuwa, da ma duk mai ƙaramar murya, akwai irin sifikar da ke zuwa da abin magana da ake maƙalawa a kai ko a wuyan riga. Malamin da ke ɗaga murya darasi biyar a rana, maƙogwaronsa ne jarinsa.

Babban aikin waya dai ba a cikin aji yake ba, a daren jiya yake, lokacin shirya darasi. Da ita za ka duba abin da ka manta, ka kalli yadda wani malami ya bi da batun da ke ba ka wahala, ka nemo zanen furen da za ka kwafa a babban kwali da maka mai kauri, wanda na baya zai gani, wanda kuma zai zauna a bango har ƙarshen zango ba tare da caji ba. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne, yana kuma da darussa da Hausa. Akwai manhajar Kiwix da ke ba ka damar ajiye Wikipedia a waya ka karanta ba data. Akwai gwaje-gwajen kimiyya na PhET daga Jami'ar Kolorado ta Amurka. Abin da ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ba tare da kashe ko sisi ba. Mu a rukuninmu haka muka yi. Game da manhajojin nan masu rubuta maka tsarin darasi nan take, irin su ChatGPT, suna rage wahala, amma ba su san ajinka ba, Hausarsu takan karkace, wani lokaci kuma su faɗi abin da ba haka yake ba da cikakken ƙarfin gwiwa. Ka gwada duk abin da suka ba ka da manhajar karatu da littafin da ke hannunka kafin ka tsaya da shi gaban yara.

Kowace hanya ka zaɓa, ka gina ta a kan abin da aka riga aka sauke, ba a kan sabis ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun san dalili: a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira balle intanet. Ko ba wannan ba, ƙauyuka nawa ne sai an hau tudu ko an je bakin hanya ake samun sabis? Abin da ke cikin memorinka naka ne. Abin da ke intanet aro ne.

Batun ba kowane yaro na'ura, zan gajarta. An gwada shi da gaske a ƙasar Peru ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, aka raba dubban ɗaruruwa. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, a makarantun firamare 319 na karkara, ya nuna yara sun iya sarrafa kwamfutar, amma bayan wata 15 makinsu na lissafi da harshe bai ƙaru ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ma ya ja kunne cewa waya a hannun ɗalibi cikin aji tana iya ɗauke masa hankali, kuma kada a shigo da na'ura sai inda ta tabbata tana taimakon koyo. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, na'ura ɗaya a hannun malamin da ya shirya ta fi arba'in a hannun yaran da ba a tsara musu abin yi ba. Shirin RANA na koyar da karatu da Hausa, da aka gudanar a Katsina da Zamfara, ƙarfinsa littattafai ne a hannun yara da horar da malamai. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, littafi da malami mai haƙuri yake buƙata kafin komai.

To ni ina na tsaya? In firamare za ka koyar, ko Hausa, Turanci, Larabci, addini, zamantakewa, ka riƙe wayarka, ka ƙara mata memori mai girma, ka sayi MP mai kyau da fawa bank, sauran kuɗin ka zuba a kwali da maka. In kwamfuta za ka koyar, ka tara ka sayi kwamfutar cinya, ka manta da majigi. In kimiyya ce, nan ne sauti ke gazawa, don ba a bayanin ƙwayar halitta da murya kaɗai, nan ne kuma hanya ta uku ke shigowa.

Talabijin ta fi majigi dacewa da ajinmu, kuma ban ji ana yawan faɗin haka ba. Haskenta daga jikinta yake, saboda haka ana ganin ta da rana tsaka, taga a buɗe. Mai inci 32 tana cin wat 30 zuwa 60 ne kawai, abin da matsakaiciyar sola da batir ɗaya za su ɗauka. Akwai ma waɗanda aka ƙera don aiki kai tsaye da batirin sola. Yawancinsu suna da wurin sa filash, wato ba ka buƙatar kwamfuta ko sabis: ka zuba bidiyoyinka a filash a gida, ka soka, ka danna. Ba fanka, ba ƙwan da zai ƙone. Rauninta girma ne. Inci 32 a aji mai tsawo, na baya zai ga motsi da launi amma ba zai karanta rubutu ba, don haka a ɗaga ta sama, a matso da yara gaba, rubutu kuma a bar wa allo aikinsa. Mai inci 43 ta fi, in hali ya yi. Ba ta kuma shiga jaka, kuma abin sha'awa ce ga ɓarawo, saboda haka sai da ɗaki mai ƙofar ƙarfe.

Wannan ya sa ba sayayyar malami ɗaya ba ce. Magana ce da za a kai wa hedimasta da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye, wataƙila da tsofaffin ɗaliban makarantar da Allah ya buɗa wa. Sabon malami zai iya kawo shawarar, amma da ladabi, bayan ya nuna da ɗan abin da ke hannunsa cewa da gaske yake. Wanda ya zo jiya ba ya fara da neman a tara kuɗi. In an amince, kafin a sayi komai a zauna a rubuta: wane ɗaki za a ajiye ta, makulli na hannun wa, wane aji ke da ita wace rana, wa zai riƙa goge ƙurar farantin sola a hunturu, kuma daga ina kuɗin sabon batir zai fito, tunda batir ɗin yakan gaji bayan 'yan shekaru. A kuma tabbatar aƙalla malamai biyu sun iya sarrafa ta, domin ranar da aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada darasin ya bi shi.